Wutar da ke Jikin Minjirya

Masuntan kogin Kwara, tun daga Yawuri har tafkin Kainji, da takwarorinsu na Binuwai da tafkin Cadi, ba sa bukatar wanda zai gabatar musu da minjirya. Kifi ce mai kauri da santsi, ba ta da ɓawo, idanunta ƙanana ne, tana da gashin baki guda shida, jikinta kuma da ɗigo-ɗigon baƙi. Ba ta da ƙayar baya irin ta kurungu, ba ta kuma da saurin gudu. Da rana tana kwance cikin rami ko ƙarƙashin saiwoyi, sai dare ya yi take fitowa farauta. Amma duk masuncin da ya taɓa zura hannu cikin taru ko homa ya damƙe ta bai sani ba, ba ya mantawa da ranar. Nan take hannu ke sagewa har kafaɗa, wani lokacin ma tun bai taɓa ta ba, domin jiƙaƙƙen taru ya isa ya kawo masa saƙon.

Abin da ya ja shi wutar lantarki ce ta gaske, irin wadda ke cikin waya. Babbar minjirya tana iya sakin wutar da ta kai bolt 350, alhali wutar da ke shiga gidaje a Najeriya da Nijar ba ta wuce bolt 220 zuwa 240 ba. Abin da ya sa mutum ke tsira shi ne wutar kifin ba ta ɗorewa. Kowane bugu ba ya wuce 'yan kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa, kuma yawan wutar da ke gudana bai kai na layin gida ba. Haɗarin da ya fi girma ga mai ninkaya shi ne jikinsa ya sage a cikin ruwa mai zurfi.

To daga ina kifin da ba shi da waya ko inji yake samo wannan wuta? Amsar tana cikin wasu ƙwayoyin halitta na musamman da masana ke kira elektirosait, wato ƙwayoyin da aikinsu kawai shi ne samar da lantarki.

Tsokar da ta daina motsi

A yawancin kifayen lantarki, asalin waɗannan ƙwayoyi tsoka ne. Kowace tsoka a jikin ɗan Adam ko dabba tana fitar da ɗan lantarki kaɗan kafin ta motsa, shi ne ma abin da na'urar auna bugun zuciya ke ɗauka a asibiti. A jikin waɗannan kifaye, wasu ƙwayoyin tsoka sun bar aikin motsi gaba ɗaya, suka zama masu faɗi da siranta, suka jeru ɗaya bayan ɗaya, suka mayar da hankali ga lantarkin kaɗai.

Ga yadda abin ke gudana. Ruwan jikin kifi yana ɗauke da sinadaran gishiri, musamman sodiyam da fotasiyam, kuma kowannensu yana ɗauke da caji. A fatar kowace ƙwaya akwai ƙananan famfuna da ke aiki ba dare ba rana, suna fitar da sodiyam waje, suna shigo da fotasiyam ciki. Ƙarfin da suke aiki da shi daga abincin da kifin ya ci yake fitowa. Saboda wannan aiki, cajin cikin ƙwayar yakan yi ƙasa da na wajenta. Muddin kifin yana hutawa, fuskar gaba da fuskar baya na ƙwayar suna daidai, kowace tana soke 'yar'uwarta, don haka babu wutar da ke fita.

A jikin kifin lantarki na kogin Amazon, wanda aka fi yin bincike a kansa, jijiya tana haɗe da fuska ɗaya ce kawai ta ƙwayar. Idan saƙo ya iso daga ƙwaƙwalwa, jijiyar sai ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin. Nan da nan ƙananan ƙofofi su buɗe a wannan fuskar, sodiyam ya kwararo ciki, cajin fuskar ya juye. Ɗaya fuskar kuwa tana nan yadda take. Bambancin da ya shiga tsakanin fuskokin biyu yakan kai kusan bolt 0.15. Richard Keynes da Hiss Martins-Ferreira ne suka auna wannan a 1953, ta hanyar soka siraran allurai cikin ƙwaya guda.

Bolt 0.15 ba komai ba ne, kashi ɗaya ne cikin goma na ƙarfin batirin tocila. Sirrin yana cikin jeri. Wanda ya taɓa zuba batura uku cikin tocila, kan wannan a gindin wancan, ya san ƙarfinsu haɗuwa yake yi ya zama bolt 4.5. Haka kifin ke yi, sai dai nasa baturan dubbai ne. Ƙwayoyi 4,000 a layi guda suna ba da bolt 600. Layuka da yawa kuma suna kwance gefe da gefe, su ne ke ƙara yawan wutar da ke gudana.

Akwai sharaɗi guda: dole dukan ƙwayoyin su buɗe a lokaci ɗaya, in ba haka ba ƙarfin ya warwatse. A kifin da tsawonsa ya kai mita biyu, ƙwayar da ke kusa da kai ta fi ta wutsiya kusa da ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Jikin kifin ya warware matsalar ta hanyar jinkirta saƙon da ke zuwa ƙwayoyin kusa. Jijiyoyinsu sun fi siranta, hanyarsu kuma ta fi zagaye, har saƙon na kusa da na nesa su isa tare.

Tsarin minjirya ya fi wannan ban mamaki. Gaɓar lantarkinta tana shimfiɗe ne ƙarƙashin fata, ta naɗe kusan dukan jiki, kuma tana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi. Amma manyan ƙwayoyin jijiya guda biyu tak ne ke ba su umarni, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a farkon lakar baya. Kowace tana fitar da zare guda wanda ke ta rarrabuwa har ya kai ga kowace ƙwaya a ɓangarenta. Wanda ya fara bayyana wannan tsari dalla-dalla shi ne likitan Jamus Theodor Bilharz, a littafin da ya wallafa a 1857 yana aiki a Alƙahira. Shi ne dai mutumin da ya gano tsutsar cutar tsargiya a 1851.

Kowane ruwa da irin wutarsa

Ruwan kogi ba ya barin lantarki ya wuce da sauƙi, don haka kifin kogi yana bukatar bolt mai yawa domin tura wutarsa. Wannan ne ya sa minjirya da kifin Amazon suke da dogayen layuka. Kifin Amazon ɗin, wanda masana ke kira Electrophorus, mutanen Burazil kuma suke ce masa porake, gaɓoɓin lantarki uku ne gare shi, sun cinye kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa. Hanjinsa da zuciyarsa da sauran kayan cikinsa duk a cunkushe suke a ɗan wuri kusa da kai. Shekaru fiye da 250 ana ɗaukarsa jinsi guda ne, sai a 2019 Carlos David de Santana da abokan aikinsa suka nuna jinsi uku ne. Ɗaya daga cikinsu, Electrophorus voltai, an auna wutarsa ta kai bolt 860, mafi ƙarfi da aka taɓa samu a jikin wata dabba.

Ruwan teku kuwa gishiri gare shi, lantarki yana ratsa shi ba wahala. Kifin teku mai faɗi da ake kira Torpedo, wanda ke zaune a Bahar Rum da gaɓar Afirka ta Yamma, ya juya lissafin. Layukansa gajeru ne, amma ɗaruruwa ne a tsaye gefe da gefe a kowane ɓangare na kansa. Bolt ɗinsa bai kai na kifayen kogi ba, amma yawan wutar da yake zubarwa a bugu ɗaya ya fi nasu sosai.

Wani abin lura shi ne waɗannan kifaye ba daga kaka guda suka gaji baiwar ba. Binciken masana ya nuna gaɓar lantarki ta samu aƙalla sau shida daban-daban a cikin dangogin kifi. Ta Torpedo daga tsokar da ke kusa da matattarar numfashi ta fito, ta minjirya daga tsokar ƙirji, ta wasu kuma daga tsokar wutsiya. A 2014 wani bincike da Jason Gallant da abokansa suka wallafa ya nuna cewa dangogin da ba su haɗa hanya ba sun yi amfani da kusan rukunin ƙwayoyin gado iri ɗaya wajen mayar da tsoka ta zama ƙwayar lantarki.

Daga kifi zuwa batir

Mutane sun san jan waɗannan kifaye dubban shekaru kafin su san mene ne lantarki. Akwai hoton minjirya a zane a bangon kabarin wani babban jami'i mai suna Ti a Saƙƙara ta ƙasar Masar, zanen da ya haura shekara 4,000. A Rum, likita Scribonius Largus, a ƙarni na farko na Miladiyya, ya rubuta cewa a ɗora Torpedo mai rai a kan mai fama da ciwon kai, mai ciwon gaɓoɓi kuma ya taka shi a bakin teku har ƙafarsa ta sage. Malamin Bagadaza Abdul Laɗif, wanda ya zauna a Masar wajen shekarar 1200, ya siffanta minjiryar Nilu da karkarwar da take sa wa wanda ya taɓa ta.

A 1772 ne Baturen Ingila John Walsh ya tafi garin La Rochelle na Faransa domin gwada ko jan Torpedo lantarki ne. Ya jera mutane suka riƙe hannun juna, ya haɗa su da kifin ta hanyar waya, dukansu suka ji jan a lokaci guda. Da ya sa gilashi a tsakani, sai jan ya tsaya. Likitan fiɗa John Hunter ya buɗe jikin kifin, ya zana jerin faifan da ya gani, a 1775 kuma ya yi haka da kifin Amazon.

Waɗannan zane-zane sun kai ga Alessandro Volta na Italiya. A 1800 ya jera faifan ƙarfe iri biyu, tutiya da jan ƙarfe ko azurfa, yana sa kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, ɗaya bisa ɗaya, sai ga wuta tana fita ba yankewa. Wannan ne batir na farko a duniya. A wasiƙar da ya aika wa Joseph Banks a Landan ranar 20 ga Maris na shekarar, Volta da kansa ya kwatanta na'urar da gaɓar lantarkin kifi, ya kira ta gaɓar lantarki ta ƙirar hannu. Daga sunansa aka samo ma'aunin bolt.

Yauni da duhun ruwa

Sai dai akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masana. Charles Darwin ya ambace ta a 1859 cikin matsalolin da suka fi ba shi wuya. An san kifaye da yawa masu gaɓar lantarki amma wutarsu ba ta isa ta kashe ko sauro ba. Mene ne amfaninta?

Kifin da ya ba da amsa kifin kogunan nan ne, yauni, wanda masana ke kira Gymnarchus niloticus. Masunta sun san shi da dogon jiki da siririyar wutsiya, da sheƙar ciyawa da yake ginawa a saman ruwa lokacin damina. Hans Lissmann na jami'ar Kambirij ya lura cewa yauni yana tafiya da baya kamar yadda yake tafiya gaba, yana kauce wa abubuwa ba tare da ya gan su ba, kuma ba ya lanƙwasa jikinsa, dogon fiffiken bayansa kaɗai ke kaɗawa. Da ya zura wayoyi cikin ruwan, sai ya tarar kifin yana fitar da wuta maras ƙarfi ba tsayawa, kimanin bugu 300 a kowace daƙiƙa. Ya wallafa wannan a 1951, sannan ya tafi arewacin ƙasar da ake kira Ghana a yau, ya saurari kifayen kogin Bolta a inda suke zaune.

Shi da abokin aikinsa Ken Machin sun yi wani gwaji mai kyau. Suka samo tukwanen yumɓu biyu masu tsatsafar ruwa, kamanninsu ɗaya, suka zuba abin da lantarki ke ratsawa a ɗaya, suka sa abin da ba ya ratsawa a ɗayan. Suka koya wa yauni cewa abinci yana tare da tukunya guda. Kifin ya riƙa bambance su ba kuskure, ko da yake ido ba zai iya ba. A 1958 suka wallafa bayanin: wutar tana kewaye jikin kifin, duk abin da ya shigo kusa yana sauya tafiyarta, dutse ya kore ta, jikin wani kifi ya jawo ta, fatar yauni kuma cike take da ƙananan masu ji da ke ɗaukar wannan sauyi. Riƙe jiki a miƙe da yake yi don kada hoton ya ruɗe ne.

A ruwan damina mai laka, inda ido ba ya ganin tafin hannu, wannan baiwa ce babba. Dangin miligi, masu dogon baki da ake kamawa a Kwara da Binuwai, su ma haka suke. Jinsinsu ya kai kimanin 200, duk a Afirka, kuma gaɓar lantarkinsu ƙarama ce a gindin wutsiya. Su ba sa sakin wuta a jere kamar yauni, bugu-bugu suke yi, kuma kowane jinsi da siffar bugunsa. Da shi suke gane ɗan'uwa da baƙo, a jinsuna da yawa ma har namiji da mace. Wannan aiki yana bukatar babbar ƙwaƙwalwa: a ɗaya daga cikinsu, Gnathonemus petersii, an auna cewa ƙwaƙwalwa tana cin kusan kashi 60 cikin 100 na iskar da jiki ke shaƙa, alhali ta mutum kusan kashi 20 take ci. Da wannan aka fahimci cewa wuta maras ƙarfi tana da amfaninta tun farko, ga gani da magana, kafin wasu kifaye su ƙara mata ƙarfi ta zama makami.

Yadda makamin ke aiki

Kenneth Catania na jami'ar Vanderbilt a Amurka ya ɗauki farautar kifin Amazon da kyamara mai sauri, ya wallafa sakamakon a 2014. Kifin yana sakin bugu har 400 a daƙiƙa, cikin kashi uku na dubun daƙiƙa kuma abin farautar ya sandare. Wutar tana shiga jijiyoyin da ke sarrafa tsokokinsa ne, ta tilasta musu ɗaurewa gaba ɗaya. Idan kuma ƙaramin kifi ya ɓuya cikin ciyawa, mafaraucin yana sakin bugu biyu a jere, wanda ya ɓuyan ya zabura ba da sonsa ba, motsin ruwa ya tona asirinsa.

Catania ya kuma gaskata wani labari da aka daɗe ana shakka. Alexander von Humboldt ya ba da labarin cewa a 1800, kusa da Calabozo a Benezuwela, ya ga mutanen wurin sun kora dawaki da alfadarai cikin tafki, kifayen suka far musu har biyu suka nutse. A 2016 Catania ya nuna cewa kifin da aka ƙure yana tasowa daga ruwa ya manna haɓarsa a jikin abokin gaba, ta haka wutar ba ta warwatsuwa cikin ruwa, jikin take bi.

Ita kuwa minjirya, Georg Welzel da Stefan Schuster na jami'ar Bayreuth a Jamus sun gwada ta a 2021 da 2022. Sun tarar wutarta ba ta dagula motsinta ko bugun zuciyarta, haka ma wutar 'yar'uwarta, kai har na'urar kamun kifi da lantarki da ke sumar da sauran kifaye ba ta yi mata komai ba.

A ɗakin binciken likitoci

Da yake elektirosait daga tsoka ya samo asali, sassan da yake aiki da su irin na jikin mutum ne, sai dai a jikin kifin an tara su jingim. Masu binciken jijiya suka ga ma'adini. A 1970 Jean-Pierre Changeux na cibiyar Pasteur a Faransa ya ware makarɓin asetilkolin, wato sashen fatar ƙwaya da ke karɓar wannan sinadari, daga gaɓar kifin Amazon, da taimakon wani dafin maciji da masanin Taiwan Chen-Yuan Lee ya tace. Shi ne makarɓin saƙon jijiya na farko da aka taɓa warewa.

A 1973 Jim Patrick da Jon Lindstrom suka yi wa zomaye allurar wannan makarɓi na kifi. Zomayen suka kamu da raunin tsoka irin na cutar da likitoci ke kira mayasteniya, wadda ke sa fatar ido ta faɗi, haɗiya da numfashi su yi wuya. Hakan ya tabbatar da cewa garkuwar jikin mai cutar ce ke kai wa makarɓansa hari, kuma a kan wannan aka gina gwajin jinin da ake yi mata. A 1984 kuma ɗakin binciken Shosaku Numa a Kyoto ta Japan ya karanto tsarin ƙofar sodiyam daga kifin Amazon. Wannan ƙofa ce allurar kashe zafi ke toshewa lokacin da likita zai cire haƙori ko ya yi ɗinki.

Injiniyoyi ma ba su bar kifin ba. A 2017 masana daga jami'o'in Fribourg ta Suwizalan da Michigan ta Amurka sun jera dubban ɗigon wani abu mai laushi, wasu da gishiri mai yawa wasu da kaɗan, suka samu bolt 110. Burinsu shi ne tushen wuta mai taushi da zai iya zama cikin jikin mutum ya ciyar da na'urori irin na daidaita bugun zuciya.

Aikin da ke jira a gida

Yawancin wannan bincike a Turai da Amurka da Japan aka yi shi, alhali kifayen da dama daga kogunan Afirka aka kwaso su. Amma an yi abin a zo a gani a gida ma. A 1987 masanin kifi ɗan Najeriya V. O. Sagua ya nuna cewa minjiryar tafkin Kainji ba iri ɗaya ba ce, ya bayyana sabon jinsi, ya sa masa suna Malapterurus minjiriya, sunan da ke cikin littattafan kimiyya har yau. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana nan a New Bussa, a bakin tafkin.

Matsugunin waɗannan kifaye kuwa yana cikin matsi. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Madatsun ruwa sun rage ambaliyar da yauni ke gina sheƙa a cikinta, masu zuba guba a ruwa domin kamun kifi kuma ba sa barin babba ko ƙarami.

Sauraron kifayen ba ya bukatar kayan miliyoyi. Malamin kimiyya a makarantar sakandare a Yawuri ko Argungu ko Gaya ta Nijar zai iya yin abin da Lissmann ya yi da wayoyi biyu, da ƙaramar amfilifaya, da lasifika, da bokitin ruwan kogi. Idan miligi ne a ciki, ɗalibai za su ji ƙas-ƙas-ƙas, yana ƙara sauri duk lokacin da aka kusantar da ƙarfe. Idan yauni ne, za su ji amo ɗaya dogo ba yankewa. Masuncin da ya kawo kifin zai faɗa musu ramin da ya kamo shi da watan da yake yin ƙwai, su kuma su rubuta, su auna, su mayar da kifin kogi.